Na Miƙa Wa Baturiya Sunan Da Inna Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko wa wannan shafi, wani in tausaya, wani in ce shi ya ja wa kansa. Yau ga nawa. Ina roƙon a sakaya sunana, domin a unguwarmu ko ban faɗa ba an san ni, a waje kuwa sunan ba zai ƙara wa kowa komai ba.

Lokacin da abin nan ya faru ni ɗan kasuwa ne a Ose Okwodu, cikin Onitsha. Albasa nake saukewa daga Arewa ina sayarwa buhu-buhu, sana'ar da na gada wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa. A garin aka haife ni, a nan na yi karatu har sakandare, ina jin yaren Ibo kamar ɗan gari, buroka, wato Turancin kasuwa, ba a magana, Turancin boko ma ina taɓawa daidai gwargwado. Abin da aka fi sanina da shi a kasuwa shi ne zargi. Ba na karɓar buhu sai na zura hannu har tsakiya na ji ko an cusa ruɓaɓɓiya. In mutum ya cika yi mini fara'a da sassafe, sai in fara tunanin me yake nema. Abokaina har tsokanata suke yi, wai ko ruwan leda na saya sai na ɗaga shi sama na duba. Ni kuwa daɗin hakan nake ji, gani nake duk faɗin Onitsha babu mahaluƙin da zai yi mini wayo.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tsohuwa ce mai toya waina a ƙofar gida da safe. Lebura da 'yan okada da 'yan dako duk nan suke karyawa, har maƙwabtanmu Ibo suna aiko yara da kwano. Mu uku ta haifa, amma biyu aka sani, domin babbanmu ya rasu tun ina ƙarami. Shi ne ɗanta na fari, kuma Inna irin matan dā ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. In tana son a kira shi sai ta ce a kira mata yaron nan, in ya shigo ɗaki ta kau da kai, in wani mai irin sunansa ya zo sayen waina sai ta ce masa mai sunan wancan. Yaya yaron mota ne, yana bin babbar motar da ke kawo wa Baba albasa. Zamanin mulkin soja ne. A wani shingen hanya masu kaki suka ce a sauke musu buhuna, shi kuma da ƙuruciya da zafin kai ya tsaya musu, suka yi masa dukan da bai tashi ba. A bayan motar aka ƙaraso da shi, aka sauke shi a ƙofar gidanmu da sauran numfashi kaɗan. Inna na zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa a tire. Ta ɗaga kai ta dube shi sau ɗaya, ta ja mayafinta, ta tashi ta shige ɗaki. Babu wanda ya ji kukanta, ranar ko wata rana, mata suka yi ta yaba dauriyarta.

Ni dai na san abin da ba su sani ba, don ni ne autan da ke manne da zaninta. Bayan rasuwar, sai ka ga da rana tsaka Inna ta ɗauko albasa da wuƙa ta zauna bayan ɗaki tana yankawa, alhali babu tukunya a wuta. Ta yi ta yanka, hawaye na zuba, in wani ya leƙo ta ce albasar bana yaji ne da ita. Shekara da shekaru haka take yi. Ban taɓa nuna mata na gane ba, ita ma ba ta taɓa tambayata ba. Sunan Yaya kuwa ya ɓace a gidanmu gaba ɗaya, kowa ya daina faɗa saboda ita.

Wata rana, 'yan shekarun baya, sai ga Turawa a unguwarmu da motoci da na'urori, tare da wani ɗan Legas mai baƙin gilashi da ke yi musu jagora. Suka ce fim suke yi a kan wata ƙasa ta Afirka da suka ƙirƙira, inda wani shugaba mai kama-karya ke gallaza wa mutane, wai unguwarmu ta yi musu saboda tsofaffin gidajen kwano da bakin kogi. Unguwa ta ɗauka. Wasu suka ce 'yan leƙen asiri ne, wasu suka ce masu yaɗa addini ne, wasu suka ce ƙidaya mu aka aiko su yi. Da aka zauna da su gaban dattawa ni na fi kowa tsare su da tambaya, na hana ɗan Legas ɗin nan sakat, har babbansu, baturen da ke ba da umarni, ya yi dariya ya ce ni yake so in zama tafintansu. Baffana, ƙanin mahaifina, bai so ba. Ya kira ni gefe ya ce mini mutanen nan sun san abin da suka zo ɗauka tun kafin su baro garinsu, ni kuwa ban sani ba, don haka in bar su su nemi wani. Na ce masa ai gara a sa mai ido a kansu da a bar su da sakarai. Ya dube ni, ya ce Allah ya sa idon nawa ya san inda zai duba.

Na gindaya musu sharuɗɗa. Ba za su ɗauki masallaci ba, ba za su ɗauki matan aure da 'yan mata ba, ba za su tara mana yara tsirara a bakin kwata ba, kuma duk wanda aka sa aiki a sallame shi kafin a fara. Suka yarda da komai ba gardama, wannan ma ya ƙara mini zargi. Na zama musu ƙarfen ƙafa. In mai kyamara ya juya wajen masallaci, ina gabansa. In suka raba wa yara alewa, sai na karɓi ɗaya na fasa na shinshina. Har ruwan da suke ba samarinmu sai na ga an buɗe robar a gabana. A cikin wannan sa ido na lura da wani abu da ya tsaya mini a rai. Samarinmu da aka ɗauka kashi uku ne: masu sa kaki su yi ta zare ido, masu kwanciya a matsayin gawa, da masu gudu suna ihu. Babu ko ɗaya da aka ba shi maganar da ta wuce kalma biyu. Magana duk ta wata baturiya ce da ta fito a matsayin likita, ita ke tsawata wa soja, ita ke ɗaukar yaro, ita kyamara ke bi duk inda ta sa ƙafa.

Na tambayi baturen, na ce shin azabar nan da ake nunawa mu aka yi wa ko ita. Bai ji haushi ba. Ya ce mini mutanen ƙasarsu ba za su zauna kallon wahalar da ba su sani ba sai an ba su wanda ya yi kama da su, su bi bayansa su shiga, wai ta idonta za su gan mu. Na ce to mu namu idon fa, ya ce ai shi ya sa suke neman labaran gaskiya daga bakin mutane irina. Maganar ba ta gamsar da ni ba, amma ta fasa mini kai. Na fara ganin kamar ni ne zan gyara musu fim.

Baturiyar nan kuwa ta iya zama da mutane, wannan ba zan ƙi faɗa ba. Takan cire takalmi kafin ta hau tabarma, ta yafa gyale, ta ci waina da hannu, ta koyi sannu da na gode. Wata rana da hantsi muna zaune a rumfar mai shayi ana gyara na'ura, ta tambaye ni ko a unguwar nan akwai wanda mulkin soja ya taɓa da gaske. Ban san abin da ya buɗe mini baki ba. Na ba ta labarin Yaya tun daga shinge har ƙofar gida, na gaya mata yadda Inna ta tashi ta shige ɗaki. Ina ɗaga kai sai na ga hawaye shaɓe-shaɓe a fuskarta. Edita, tun da aka binne Yaya ban taɓa ganin wani ya yi masa kuka a fili ba, sai ranar. Duk zargin nan nawa ya kwanta. Ta tambaye ni sunansa, na faɗa mata. Ta maimaita, na gyara mata, ta sake maimaitawa har ya zauna a bakinta. Abin da ban gaya mata ba shi ne dalilin da ya sa Inna ta kau da kai. Ba ɓoyewa na yi ba, a ganina abu ne da kowa ya sani, ban taɓa tunanin akwai inda za a ga uwa ta yi haka a kasa ganewa ba.

Kashegari baturen ya same ni da murna, ya ce labarin nan shi ne zuciyar fim ɗinsu, kuma suna son Inna da kanta ta fito, ba wata 'yar wasa ba. Na je na sami Inna bayan ta kwashe wuta. Da farko ta ƙi, ta ce ita ba 'yar wasan kwaikwayo ba ce, da tsufanta. Na yi ta lallashi. Na ce mata an kashe yaron nan babu wanda ya tambaya, babu wanda aka kama, yanzu ga dama duniya za ta ji abin da aka yi masa. Ta ci gaba da kankare kasko. Can ta tambaye ni ko sai ta yi magana, na ce a'a, zama kawai za ta yi. Ta ce in dai ba sai ta buɗe baki ba, in yi yadda na ga ya dace, ai ni ne namijin gidan. Baffa da ya ji, ya aiko a gaya mini ba da yawunsa ba.

Ranar ɗaukar, suka zaunar da ita a bakin ƙofa da tire da shinkafa. Aka ce in gaya mata ta yi daidai abin da ta yi waccan rana. Aka kawo wani saurayi an shafe shi da jan abu, aka sauke shi daga bayan mota. Inna ta ɗaga kai ta dube shi, ta ja mayafi, ta tashi ta shige ɗaki, wallahi kamar ranar ce ta dawo. Baturen ya yi ta tafa hannu, ya ce ba sai an sake ba. Da ta fito, sai ga wani ɗan wasa cikin kakin soja ya sungumo buhun shinkafa, ɗan Legas ya ce kyauta ce daga kamfani a ba Mama. Inna ta yi abin da duk tsohuwar kirki za ta yi in an ba ta kyauta: ta miƙa hannu biyu ta taɓa buhun, ta ɗan russuna, ta yi murmushi tana sa albarka. Na lura mai kyamara bai sauke ta daga kafaɗa ba, ga 'yar jar wuta tana ci. Na tambaya, aka ce haske suke gwadawa. Ban bi ta kai ba, don hankalina na kan buhun. Na kwance bakinsa na zura hannu har gwiwar hannu, ina duba ko an haɗa da tsakuwa ko an rage mudu. Shinkafa ce mai kyau, cike taf. Na ɗaure ina jin ni gwani ne.

Suka tattara suka tafi, aka shekara har da wani abu, mun ma fara mantawa. Sai na fara ganin wani sauyi a kasuwa. In na doso rumfa ana hira sai a yi tsit, samari su tura waya aljihu. Na zaci wani ne ke shirya mini zagon ƙasa a kan motar da nake jira, na yi ta bincike a inda ba nan ba. Wata mata 'yar Ibo da ta daɗe tana sayen albasa wurina ita ta fasa ƙwan. Ta gama ciniki ta tsaya tana juya jaka, sannan ta rage murya ta ce, "Alhaji, no vex o. Na true say your mama collect rice for her pikin head?" Wato wai da gaske ne mahaifiyata ta karɓi shinkafa a bakin ran ɗanta. Na bar rumfa a buɗe na nufi shagon masu tura finafinai a waya wajen Head Bridge, bakin babbar gada, na ce a sa mini.

A farkon fim ɗin an rubuta cewa daga labarin gaskiya aka ɗauko shi. Na yi ta turawa gaba har na iso ƙofar gidanmu. Abin da aka fara nunawa shi ne soja ya kawo buhu, Inna ta miƙa hannu biyu, ta russuna, ta yi murmushi. Daga nan aka nuna sojoji sun je sun zaƙulo saurayin a inda ya ɓuya, kamar wani ne ya nuna musu wurin. Sannan aka kawo shi jina-jina, Inna ta dube shi ta ja mayafi ta shige ɗaki, aka matso da kyamara kan tiren shinkafar da ta bari. A kan hoton muryar likitar ke tashi a hankali, tana cewa a ƙasar nan yunwa da tsoro sun cinye komai, har zuciyar uwa. Sai ga likitar, a wani wurin da ba a gabana aka ɗauka ba, da gudu ta faɗi a kan saurayin, ta rungume kansa, tana kuka tana ƙwala kiran sunansa. Sunan Yaya ne, daidai yadda na gyara mata shi a rumfar mai shayi. Mai shagon ya tambaye ni ko a tura mini gaba ɗaya, na miƙa masa wayata.

Dattawan da suka ga ranar da idonsu sun san ƙarya ce. To amma su nawa suka rage? Unguwarmu kullum cike take da sababbin zuwa, samari daga ƙauyuka da ba su san Yaya ba, ba su san Baba ba, sun dai ga tsohuwar da ke sayar musu da waina a cikin waya, an kuma ce labarin gaskiya ne. Guntun wurin nan aka yanko aka yi ta turawa. Magana ta fara yawo. Wani ya ce dama ya taɓa jin ba ta yi kuka ba. Wani ya ce a duba yadda kasuwar Baba ta buɗe bayan rasuwar, wai ruwa ba ya tsami haka kawai a gidan mutum. Har waɗanda suka san kunyar ɗan fari a gidajensu, da suka gan ta a jere da buhu sai suka karanta ta yadda bature ya jera. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Yara suka sa mata suna Mama Rais, wato Mama Shinkafa. Masu aiko kwano suka ragu, waina ta fara kwana. Na hana kowa a gidan ya gaya mata, na ce mata garin ne babu kuɗi. Ta dube ni kawai, don Inna ba yarinya ba ce.

Baffa ne ya zo da kansa wata safiya bayan an watse daga masallaci. Bai ce mini ai na gaya maka ba, da ma ya faɗa da na fi samun sauƙi. Ya ce in nuna mata da hannuna kafin wani yaro mara kunya ya nuna mata a titi. Na shiga na same ta tana jiƙa shinkafar gobe. Na durƙusa na ce Inna, fim ɗin nan ya fito, kuma ba yadda na ce miki ba ne. Na riƙe mata wayar. Ta kalli kanta tana karɓar buhu, ta kalli kanta tana shiga ɗaki, fuskarta ba ta motsa ba. Da muryar ta tashi ta ce in fassara mata, kada in rage. Na fassara, ban rage ba. Ta gyaɗa kai kawai. Sai aka zo wurin sunan. Ya fito daga 'yar wayar nan da ƙarfi ya cika ɗakin, sunan da rabon a ji shi a gidan tun ina ɗan yaro. Na ga hannunta ya saki ƙoƙon da take riƙe da shi.

Ta ce, "Wa ya ba ta?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta ce, "Tun ranar suna nake riƙe da shi a bakina, ban bari ya fita ba. Na ɗauka a wurina yake."

Na tashi na je madafa na ɗauko albasa biyu da wuƙa a tire, na ajiye a gabanta, na juya zan fita in ja mata ƙofa. Ranar ce ta farko da na nuna mata na san sirrinta. Ta dubi albasar, ta dube ni, ta sa bayan hannu ta turo mini tiren.

Ta ce, "Mayar. Mai yi masa kuka ai ta yi."

Na nemi mutanen nan kamar zan yi hauka. Lambar ɗan Legas ta daina shiga. Na sa wani ɗan'uwa da ya iya na'ura ya aika wa kamfanin saƙo, bayan an daɗe amsa ta zo cike da godiya da ban haƙuri, wai fim fasaha ce, ba su nufin kowa, ƙasar ma ai ƙirƙirarriya ce. Ƙasar ƙirƙirarriya ce, amma ƙofar gidan tamu ce, fuskar ta uwata ce, sunan na ɗan'uwana ne. Daga baya aka nuna mini hirar da aka yi da baturiyar a ƙasarsu, tana share ƙwalla tana cewa tafiyar nan ta sauya mata rayuwa. Har yau ban sani ba ko hawayen da ta yi a rumfar mai shayi na gaske ne ko gwaji take yi. Ban sani ba ko tun farko aka shirya kyautar buhun, ko kuwa daga baya suka ga hoton ya yi musu daɗi. Na juya abin nan a raina har na gaji. Amma in na tuna cewa cikin duk ma'aikatansu mai kaki aka zaɓa ya kawo buhun, sai in ji ba na bukatar kowa ya ba ni amsa.

Liman ya yi magana a kan lamarin bayan sallar Juma'a, dattawa suka tsawatar, surutun ya lafa a fili. Amma Inna ba ta ƙara kafa kasko a ƙofar gida ba. Ta ce ƙafa ke damunta, muka bar shi a haka. Ba ta yi fushi da ni ba, tana amsa gaisuwata, tana sa mini albarka in zan fita, kuma wannan ya fi mini zafi a kan ta zage ni.

Abin da na koya, Edita, shi ne zargin da nake taƙama da shi na ƙananan abubuwa ne. Na tsare masallaci, na tsare alewa, na tsare mudun shinkafa, na bar abin da suka zo nema na miƙa musu da hannuna, har ina gyara musu yadda ake faɗa. Ban ce duk baƙo mugu ba ne, ban kuma ce kada a ba da labarin zaluncin da aka yi mana ba, don an yi shi, kuma ya kamata a sani. Amma ina jan kunnen 'yan'uwana, musamman mu mazauna kudu da ake yawan zuwa nema in ana son fuskar wahala: in wani ya zo da kyamara ya ce zai kai kukanku duniya, kada ku tsaya kan nawa zai biya. Ku tambaye shi wa zai yi magana a ciki, wa zai jera hotunan, kuma wa za a tausaya wa in an gama kallo. In ya ce ta idon wani za a gan ku, ku sani abin da idon nan bai gane ba zai cike shi da abin da ya ga dama. Kuma kada ku ɗauka al'adarku a bayyane take ga kowa kamar yadda na ɗauka. Abin da yake kunya da ƙauna a gidanku, a wani wuri ana iya sayar da shi a matsayin rashin imani. Iyayenmu tsofaffi ba su san wannan duniyar ba, da mu suka dogara, in muka ce su zauna za su zauna.

Ina roƙon masu karatu su sa Yaya a addu'a, ko da ba zan faɗa muku sunansa ba, na faɗa sau ɗaya ya ishe ni. Ku sa Inna ma. Kullum in na taso daga kasuwa ina zuwa da albasa gida kamar yadda na saba, ina ajiyewa inda hannunta zai kai. Matata ce ke yankawa yanzu. Tun daga ranar nan Inna ba ta ƙara taɓa ta ba.